Amsar Takardunku: Kwamfuta Ta Kulle, Mai Mabuɗi Ya Yi Tafiya

   

A wannan mako takardu huɗu na ware, dukkansu daga kudancin Kano, kuma duk da cewa masu su ba su san juna ba, kukansu iri ɗaya ne. Zan fara da wadda ta fi tsawo, wadda ta zo daga ƙaramar hukumar Tudun Wada, daga hannun sakataren wata ƙungiyar manoman masara da shinkafa. Ya roƙi kada a faɗi sunansa, to ba za a faɗa ba.

Malam Sakatare ya ce ƙungiyarsu tana da kwamfuta guda ɗaya. A cikinta aka rubuta sunayen 'yan ƙungiya, da buhunan takin da kowa ya karɓa bashi da damina, da abin da kowa zai biya da kaka. Wani yaro ne ɗan garin, mai ilmin na'ura, yake kula da ita, shi kaɗai ya san kalmar sirrin buɗe ta. Yaron nan ya tafi kudu neman kuɗi, lambarsa ba ta shiga. Ga kaka ta ƙarato, wasu har sun fara cewa buhu biyu suka karɓa ba uku ba. Sun kai na'urar wani shago a birni, aka ce musu sai dai a goge komai a zuba mata sabuwar manhaja. Ya ce in an kunna ta, kalmar da ke fara bayyana ita ce Ubuntu. Tambayarsa: ko akwai hanyar buɗe ta ba tare da an rasa lissafin ba, kuma in akwai, yin hakan ba laifi ba ne?

To Malam Sakatare, kafin komai: kada ku yarda a goge. Ko da mai shagon ya ce kyauta zai yi muku, ku ɗauko kayanku ku dawo gida. Akwai hanya, kuma in dai yaron bai yi wa na'urar wani kulle na musamman da zan yi bayaninsa nan gaba ba, aikin bai fi na minti goma sha biyar ba a hannun wanda ya sani. Amma ku bar ni in ɗauko zancen daga tushe, don sauran masu sauraro su ma su amfana.

Ita kwamfuta, ƙarfe ce da waya kawai. Abin da ke tafiyar da ita shi ne babbar manhajar da aka zuba mata. Mu da muka yi karatun malanta, da can in an ce manhaja, tsarin darussan shekara muke nufi. Yanzu kalmar ta samu sabon aiki. Yawancin kwamfutocin da kuke gani a shagunan buga takardu Windows ke cikinsu, shi ya sa mai gyara da yawa in ya ga wani abu daban sai ya ce a goge. Taku kuwa 'yar wani gida ce daban, gidan da ake kira Unix.

An fara Unix a shekarar 1969 a Amurka, a ɗakin binciken kamfanin tarho da ake kira Bell Labs, kuma waɗanda suka yi fice a aikin su ne Ken Thompson da Dennis Ritchie. A 1991 sai wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, mai suna Linus Torvalds, ya rubuta nasa a kan wannan fasali, ya sake shi kyauta ga duniya. Shi ne Linux. Ubuntu kuwa wani nau'i ne na Linux da ya fito a 2004, da kuɗin wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, kuma kalmar daga harsunan can take, ma'anarta mutuntaka. Kada wani ya ce wannan zancen 'yan boko ne bai shafe shi ba. Wayar Android da ke aljihunka, Tecno ce ko Itel ko Infinix, a kan Linux aka gina ta. Wato kai ma ɗan gidan ne, ba ka dai sani ba.

Abin da ya kamata a gane game da wannan gida shi ne, tun asali an tsara shi ne don mutane da yawa su yi aiki da na'ura ɗaya. A zamanin da ake magana, kwamfuta tsada gare ta ƙwarai, ma'aikata ko jami'a ce ke iya saye. Sai a ajiye ta a ɗaki guda a kulle, a ja wayoyi zuwa ofisoshi, kowa ya zauna a teburinsa yana aiki da ita a lokaci ɗaya. Kun san tsarin gandu? To shi ke nan. Kowane ɗa yana da gayaunarsa, ba ya shiga ta ɗan'uwansa, abin da ya noma a ciki nasa ne. Amma akwai mai gida, wanda gandun duka yake hannunsa. Shi ke riƙe da mabuɗin rumbu, shi ke yanka wa yaro gayauna, shi kuma ke iya karɓewa. A cikin Unix, sunan wannan mai gida rut, da Turanci ana rubuta shi r-o-o-t, ma'anarsa saiwa. Lambarsa a rajistar na'ura sifiri ce, wato kafin a fara ƙirga kowa an riga an ƙirga shi. Babu fayil ɗin da ba zai iya buɗewa ba, babu wanda ba zai iya sake wa kalmar sirri ba, kuma in ya ce a goge komai, na'ura ba ta yi masa gardama.

Yauwa. To yaya ake yi ranar da na'ura ta samu matsala, ta ƙi tashi yadda ta saba? Sai masu ƙirar suka yi mata wata hanyar tashi ta biyu, wadda za mu kira tashin mutum ɗaya. Ku ɗauka ranar gyaran rumbu ce. Mai gida ya ce kowa ya dakata, yau ba awo, ba ɗiba, ba baƙo. Shi kaɗai zai shiga da fitilarsa ya duba inda gara ta ci. Haka na'ura take yi a wannan hali. Ba ta haɗa kanta da intanet, ba ta kunna hotuna da kwalliyar da kuka saba gani, ba ta karɓar kowa. Baƙin allo ne kawai da farin rubutu, kuma wanda ke zaune a gabanta, shi take ɗauka a matsayin rut.

A nan ne abin mamakin yake. A na'urori da yawa na wannan gida, in an bi ta wannan hanya, ba a tambayar kalmar sirri ko kaɗan. Za ku ce wannan ai sakaci ne. Ba sakaci ba ne, lissafi ne na zamaninsa. Tunda na'urar tana cikin ɗaki a kulle, da mai gadi a ƙofa, duk wanda ya kai ga tsayawa a gabanta ya taɓa ta da hannunsa, an ɗauka mai ita ne ko wakilinsa. Ƙofar ɗakin ita ce kalmar sirrin. Zamani ya juya, kwamfuta ta ƙanƙance har ana sa ta a jaka a hau acaɓa da ita, amma wannan ƙofar gyara tana nan, domin har gobe na'ura na lalacewa, kuma har gobe mutane na mantuwa.

Wani abu kuma, Malam Sakatare, kada ku sa ran za a karanto muku kalmar da yaron ya sa. Ba ta nan a rubuce. Unix ba ya ajiye kalmar sirri yadda take. Niƙa ta yake yi da wani lissafi, ya ajiye garin. Duk ranar da ka zo ka buga kalma, sai ya niƙa wadda ka buga, ya gwada gari da gari. In sun yi daidai ya buɗe maka. Gero na zama gari, amma gari ba ya komawa gero. Thompson da abokin aikinsa Robert Morris sun yi rubutu a kan wannan dabara tun 1979. Saboda haka abin da za a yi muku ba gano tsohon mabuɗi ba ne. Cire kwaɗon za a yi a sa sabo.

Ga yadda ake yi. Zan faɗa a hankali, kuma za a buga a jarida, sai ku yanke shafin ku kai wa wanda zai yi aikin. Ina ba da shawara ku nemi malamin kwamfuta na wata sakandare da ke kusa da ku, ko wani ɗalibi da ya san Linux, ba lalle sai an je birni ba.

Da farko ya zo da filash mai ɗauke da Linux, ya tayar da na'urar daga kansa, ya kwafe fayilolinku gaba ɗaya zuwa wani filash ɗin daban. Wannan shi ne rabin aikin, kai, shi ne ma aikin, domin da zarar lissafin ya fito, hankalinku ya kwanta ko da wani abu ya faru daga baya. Sa'an nan ya kashe ta ya sake kunnawa, yana danne da maɓallin Shift, a wasu na'urorin kuma Esc ake taɓawa. Wani ɗan jeri zai bayyana, na wata ƙaramar manhaja mai suna GRUB, wadda ita ce ke tayar da babbar daga barci. A cikin jerin ya zaɓi layin da aka rubuta “Advanced options”, daga nan ya zaɓi mai “recovery mode”, daga nan kuma ya sauka kan “root”. A Ubuntu, in ba wani ya sa wa rut kalma da gangan ba, Enter kawai za a danna. Zai ga alamar # a ƙarshen layi. Wannan alama ita ce shaidar cewa yanzu shi ne mai gida. Ɗan gayauna alamar $ yake gani.

Daga nan layi uku ne. Ya rubuta mount -o remount,rw / domin na'ura ta yarda a yi rubutu a faifanta, saboda sau da yawa a wannan hali karatu kawai take bari. Ya rubuta ls /home don ya ga sunan da yaron yake shiga da shi. Sai ya rubuta passwd ya bar fili ya sa wannan suna. Za ta nemi sabuwar kalma sau biyu. Yayin da ake bugawa ba abin da zai fito a allo, ko ɗigo, kada a ɗauka ta lalace; haka take. A sake kunnawa, a shiga da sabuwar kalma. Shi ke nan.

In kuwa ta tsaya ta ce sai an ba ta kalmar rut, kamar yadda wasu 'yan gidan irin su Debian suke yi, ba a nan gizo ke saƙa ba. Wanda ya sani zai koma jerin GRUB ya danna harafin e, ya ƙara init=/bin/bash a ƙarshen layin da ya fara da kalmar linux, ya wuce. In wannan ma ta ƙi, filash ɗin nan na farko ya isa.

Amma ina roƙon wanda zai yi aikin, don Allah abin da aka sa shi kawai zai yi. Rut ba wurin gwaje-gwaje ba ne. Ni kaina na taɓa zama kusa da wani saurayi a wani ofis da na yi aiki, yana nuna mana gwaninta a irin wannan baƙin allo, ya bar fili guda ɗaya inda bai kamata ba a cikin umarnin gogewa. Kafin ya ɗaga hannu, aikin wata uku ya tafi. Na'ura ba ta ce masa ka tabbata ba, domin a wurinta mai gida ba ya kuskure.

Batun ko laifi ne. Kayan ƙungiya ne, ku ne shugabanninta, lissafinku ne a ciki. Wanda ya ɓalle kwaɗon rumbunsa don mabuɗi ya faɗa rijiya ba ɓarawo ba ne. Abin da doka ta hana shi ne shiga na'urar wani ba da izninsa ba, kuma Nijeriya tana da dokar laifuffukan kwamfuta da intanet tun 2015, an yi mata gyara a 2024, akwai ɗauri da tara a cikinta. Amma ni abin da ya fi damuna ba kotu ba ce, zargi ne. Kun ce wasu sun fara musun buhunan da suka karɓa. In kai kaɗai ka shiga ɗaki da mai gyara kuka buɗe, gobe za a ce sakatare ya ƙara wa wane buhu, ya rage wa ƙaninsa. Rut yana iya sauya kowane rubutu, kuma mutanenmu ba wawaye ba ne, za su gane haka. Saboda haka a yi abin a bainar jama'a. Shugaba na nan, ma'aji na nan, a gayyato wakilin mai gari ko liman, da mutum biyu daga cikin masu musun. Ana buɗewa a buga lissafin a takarda nan take, shaidu su sa hannu a kowane shafi. A kuma rubuta a littafin taro cewa ranar kaza aka buɗe, a gaban su wane.

Wannan ya kawo ni ga takarda ta biyu, daga wani Alhaji mai sayen hatsi a kasuwar Kwanar Dangora ta ƙaramar hukumar Ƙiru. Shi ɗansa ne ya gaya masa cewa ana buɗe kwamfuta ba da kalmar sirri ba, abin ya tsaya masa a rai. Ya ce in haka ne, to mene ne amfanin kullen, kuma me zai hana yaron shagonsa ya shiga ya taɓa lissafi?

Alhaji, Allah ya ƙara arziki, tambayarka ta yi. Gaskiyar magana ita ce, kalmar sirrin da kake bugawa da safe tana tsare ka ne daga mai leƙe da mai wucewa, da wanda zai zo ta intanet. Ba ta tsare ka daga wanda ya samu na'urar a hannunsa, shi kaɗai, na tsawon awa guda. Wannan ba aibin Linux ba ne kawai. Windows ma haka take in ba a yi mata kullen da zan faɗa ba. Ana iya ƙara shinge. Ana sa wa GRUB kalma tata, ana kuma sa wa na'urar kanta kalma tun daga kunnawa, yadda ba za ta tashi daga filash ba. Duk suna da amfani, suna ɓata wa mai mugun nufi lokaci. Amma mai sukundireba zai kwance ta ya zare faifan ajiyar, ya jona shi a wata na'urar, ya karanta kamar wasiƙa. Kuma shingen ma yakan samu ɓaraka. A watan Disamba na 2015, wasu masu bincike biyu a wata jami'a da ke birnin Balensiya na ƙasar Sifen, Hector Marco da Ismael Ripoll, sun nuna cewa in aka danna maɓallin goge harafi sau 28 a wurin da GRUB ke tambayar suna, ana iya tsallake kullen. An toshe wannan tuni. A 2017 kuma aka gano cewa a wata manhajar kwamfutocin Apple, mutum na iya rubuta root ya bar wurin kalmar sirri fayau ya shige. Su ma sun gyara cikin gaggawa. Manyan kamfanoni ke nan fa.

Kulle na gaskiya guda ɗaya ne, shi ne a mayar da duk abin da ke cikin faifan zaurance. Kun tuna zaurancen da 'yanmata ke yi don kada iyaye su gane hirarsu? To irinsa ne, sai dai wannan na lissafi ne, kuma ba mai kwance shi sai mai kalmar. A Linux ana kiran tsarin LUKS, kuma Ubuntu na tambaya tun ranar da ake zuba ta ko ana so. In an yi wannan, ɓarawo ya bi ta tashin mutum ɗaya, ya zare faifai, ya kai wa duk gwanin da ya sani, tarkace kawai zai gani.

Sai dai Alhaji, wannan kaifi biyu gare shi. Yadda ya hana ɓarawo, haka zai hana ka ranar da ka manta, haka zai hana magadanka ranar da ba ka. Shi ne kullen musamman da na ce wa Malam Sakatare mu yi fatan yaron bai yi ba. Alamarsa ita ce, na'ura za ta nemi kalma tun da farkon tashi, kafin ma a ga wurin sa suna. Wani lokaci kuma ɗakin mutum ɗaya kawai ake yi wa zaurancen, ko fayil guda. A nan sauya kalmar shiga ba ta buɗe shi. In haka ta kasance, ku daina wahalar da masu gyara, ku sa kuɗin mota a nemo yaron ta wurin danginsa.

In ra'ayina ake tambaya, ga ƙungiyar manoma da ɗan kasuwar ƙauye, haɗarin mutum ɗaya ya riƙe mabuɗi ya fi haɗarin ɓarawo yawa. Takardun da ke zuwa mana sun nuna haka: ba a cika cewa an sace lissafi ba, kullum yaro ya tafi, ko an yi faɗa, ko an yi rasuwa. Ku sa zaurancen in kuna so, ban hana ba, musamman kai Alhaji da kake yawo da taka tsakanin kasuwanni har Dawanau. Amma a rubuta kalmar a takarda, a sa a ambulan a liƙe, a ba amintattu biyu da ba gida ɗaya suke kwana ba. Kuma kada a jefar da babban littafin nan mai jan bango. Duk ƙarshen wata a buga lissafi a takarda a ajiye. Littafi ba ya neman caji.

Takarda ta uku ta taɓa mini zuciya. Wata baiwar Allah ce daga yankin Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, ƙaninta ya rubuta mata. Mai gidanta ya rasu, yana sana'ar sayen masara, kuma duk waɗanda yake bi bashi da waɗanda ke binsa a wayarsa yake rubutawa. Wayar na kulle da zanen nan da ake ja da yatsa. An ce mata a kai Kano a yi filashin.

Malama, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya ba ki haƙuri, ya raya abin da ya bari. Ki saurare ni da kyau, kada a ratsa dajin Falgore a je har Farm Centre ko titin Beirut a kashe kuɗin mota a kan abin da zai ƙara miki baƙin ciki. Na ce waya 'yar gidan Linux ce, kuma ita ma tana da tata ƙofar gyaran, wadda ake shiga in an danne maɓallin kunnawa tare da na ƙara murya. Amma masu ƙera waya sun san cewa waya a aljihu take kwana ba a ɗaki mai gadi ba, don haka ba su bar rut a buɗe a nan ba. Abin da ƙofar ke bayarwa shi ne gogewa. Kuma wayoyin da suka fito da Android na 10, wato daga 2019 zuwa yau, da zaurancensu suke zuwa tun daga kamfani, wasu ma tun kafin nan. In an yi filashin, wayar za ta iya dawowa, amma lissafin ya tafi har abada. Bayan haka ma, tun 2015 akwai wani tsaro da ke sa waya ta nemi adireshin Google na mai ita bayan an goge ta.

Abin da za a yi shi ne, a ajiye wayar, a daina gwada zane barkatai. A tambayi 'ya'yansa da yaransa na kasuwa, sau da yawa akwai yaron da ya sha ganin yadda yake jan yatsa. A duba ko akwai memori a ciki, a cire a sa a wata wayar. Layinsa ma a sa a wata wayar a gaban wakilin magada, domin wasu lambobin a kan sim suke, kuma masu hulɗa da shi za su kira. Kada a bar layin ya yi watanni ba a amfani da shi, kamfani kan rufe irinsa ya sayar wa wani. Kuɗin da ke banki kuwa, kada kowa ya yi dabarar cire shi ta waya ko da ya san lambar. Dukiyar magada ce, har da marayu; hanyarta ita ce takardar shaidar rasuwa da takardun kotu, a kai wa banki. Shi kuma bashi, a yi sanarwa a masallaci da kasuwa kamar yadda aka saba tun kafin a ƙirƙiro waya. Abokan cinikinsa da dillalan da suka auna masa sun san da yawa daga ciki.

Ta ƙarshe gajeruwa ce, daga wani matashi mai sana'ar POS a garin Tiga, ƙaramar hukumar Bebeji. Ya ce tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 harkarsa ta buɗe, kuma wayarsa tana da kulle mai ƙarfi, har da na yatsa. Ko akwai sauran abin tsoro?

Akwai, ɗan'uwa. Mai ƙwacen waya bai damu da kullenka ba. Tsinke zai sa ya zaro sim, ya sa a ƙaramar waya ta dubu kaɗan, saƙonnin bankinka su riƙa zuwa hannunsa. Ka ga ita ma ƙofar baya ce, irin wadda muke ta magana, ta wanda abu ya shiga hannunsa. Maganinta ka sa wa sim ɗin kansa lambar sirri. Yana cikin saitin tsaro na kowace waya, har da ƙananan. Za ta fara neman lambar da layin ya zo da ita daga kamfani, sa'an nan ka sauya zuwa taka. Ka kula, in aka yi kuskure sau uku layin zai rufe, sai da wata lamba mai tsawo da ake kira PUK, wadda ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin daga ciki; ita kuma in aka yi kuskurenta sau goma, sim ya mutu sai an je ofis an yi sabo. Don haka ka nemo katin nan tukuna kafin ka fara, in ya ɓata ka tambayi ofishin kamfanin layinka. Ka kuma rubuta lambar da bankinka ya tanada don rufe asusu cikin gaggawa, ka ajiye ta a gida, ba a cikin wayar ba.

Malam Sakatare, muna jiran takardarka ta biyu mu ji yadda aka ƙare, da buhu biyu ne ko uku. Masu tambaya a kan tsutsar masara da farashin taki, takardunku na nan a kan tebur, da su za mu fara mako mai zuwa in Allah ya kai mu.